Hotunan Baba sun manne a tsohon albam, wace leda zan saya?

Asabar

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, an tashi lafiya? Don Allah shawara nake nema. Bayan rasuwar Babanmu ni aka bar wa akwatin takardunsa, saboda ni ce babba a mata. Jiya na samu ƙarfin halin buɗewa, na tarar da albam guda uku irin na da, mai shafi mai danƙo wanda ake ɗaga ledar a ɗora hoto a mayar. Shafukan duk sun koma ruwan ƙasa, layin gam ɗin ya fito a bayan wasu hotunan kamar saƙar tabarma, wasu kuma sun kama ƙam. Akwai hoton aurensu da Hajiyarmu na 1979, akwai na dawowarsa daga Makka, akwai na Kakanmu wanda shi kaɗai ne hotonsa da muka sani a duniya. So nake in kwashe su in mayar cikin ledar nan ta fayil mai huji a gefe. Na shiga Sabon Gari na ga iri uku, kowacce da kuɗinta, mai shagon ya ce duk ɗaya ne. Wacce zan saya? Ko in kai a yi musu laminatin in huta?

Sale Damagaram: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makoma.

Abba Kwamfuta: Amin. Anti, laminatin kawai za ki yi. Ruwa ba ya shiga, ƙura ba ta shiga, yaro ya ɗauka da hannun miya ki goge da tsumma. Shekarata 9 ina wannan aikin a Zariya. In kuma ledar kike so, ki ɗauki mai kaurin nan mai ƙyalli. Araha ba ta ado.

Baba Ɗanladi Mai Hoto: Innalillahi. 'Yata, kada ki kai hoton 1979 bakin injin nan. Ki dakata in yi sallah in dawo in yi miki bayani.

Abba Kwamfuta: To fa. Baba za su rufe min kasuwa da sassafe.

Malama Rabi: Allah ya gafarta wa Baba. Kafin Baba Ɗanladi su dawo bari in taɓa ɓangaren leda, tunda shi nake koyarwa. Mai shagon bai yi miki ƙarya da gangan ba, shi ma bai sani ba, amma ba ɗaya ba ne. A ido duk leda ce, a asali kuwa jinsi daban-daban. Wacce ake gudu ita ce PVC. Asalinta ƙarfi gare ta, ita ce ake yin bututun ruwa da ita. Don ta yi laushi har ta zama shafi sai an zuba mata wani irin mai a masana'anta. Wannan man ba ya zama wuri ɗaya, a hankali yake tsattsafowa, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Shi ne ke sa ledar ta yi danƙo ta manne wa abin da ke ciki. Kuma akwai kilorin a jikinta, idan ta tsufa tana fitar da asid.

Waɗanda masu adana kayan tarihi suka yarda da su uku ne: polypropylene, polyethylene da polyester, matuƙar ba a shafa musu komai a jiki ba. Ki duba kwali ko jikin fakitin. Idan kin ga PP, wato polypropylene, ko lamba 5 a cikin alamar nan ta kibiyoyi uku, ki saya. Lamba 3 ita ce PVC, ki ajiye musu kayansu. Lamba 2 da 4 polyethylene ne, lamba 1 polyester.

Sale Damagaram: Malama, na taɓa ciro fotokwafin takardar haihuwar yarona daga irin wannan leda, rubutun ya baro takardar ya koma jikin ledar, ana karanta shi sarai. Na ɗauka tawadar ce ba ta da kyau.

Malama Rabi: Ba laifin tawada ba ne Malam Sale. Hodar injin fotokwafi ita ma ɗan garin roba ce da zafi ya narkar a kan takarda. Man PVC yana sake tausasa ta, sai ta bi ledar. Ka riga ka ga aikin da idonka.

Maman Ilham: Na gode Malama. Matsalar ita ce babu abin da aka rubuta a jiki. Ɗaya ma a warware suke sayar da ita, ƙirga maka ake yi.

Malama Rabi: To ki sayi ɗai-ɗai daga kowacce ki zo gida. Gwajin farko hanci. Idan tana warin sabon labulen banɗaki ko sabuwar ledar tsakar ɗaki, alama ce marar kyau. PP kusan ba ta da wari. Na biyu, ki yanki ɗan ƙanƙane ki sa a kofin ruwa, ki ɗiga sabulun wanke-wanke kaɗan, ki danna shi ƙasa da cokali ki saki. PP da polyethylene sun fi ruwa rashin nauyi, za su taso. PVC za ta nutse. Polyester ma nutsewa take, amma ita garau take kamar gilashi, tana da tauri da ƙara in an lanƙwasa, kuma da wuya ki same ta a warware a kasuwa.

Baba Ɗanladi Mai Hoto: Na dawo. Malama ta yi bayanin da ni ban iya ba, Allah ya ƙara ilimi. Ni abin da hannuna ya taɓa zan faɗa. Na fara wankin hoto a Kaduna tun ana shiga ɗaki mai duhu da jan fitila, ban bari ba sai da waya ta kore mu.

Fuskar hoto ba takarda ba ce zalla. Akwai wani siririn shafi a sama da ake kira jelatin, daga fata da ƙashin dabba ake samunsa. Kun san romon ƙafar sa idan ya kwana ya daskare? To danginsa ne. A cikinsa hoton yake zaune. Na baƙi da fari azurfa ce a ciki, na kala kuma rini ne hawa uku. Wannan jelatin yana shan laima ya kumbura ya yi danƙo, ya bushe ya ƙanƙance. Duk abin da ke jingine da shi lokacin da ya yi danƙo, da shi zai bushe. Shi ya sa hoton firam ke manne wa gilashi, ka zo cirewa fuskar mutum ta zauna a gilashin, takarda ta biyo hannunka.

Yanzu ki ɗauki wannan abin ki tura shi injin da zafinsa ke kai digiri 100 ko fiye, da gam a sama da ƙasa. Ya shiga ke nan har abada. In gobe ledar ta yi rawaya ko ta kumbura, babu mai iya cire miki. Albam ɗin da kike kuka da shi yanzu, aƙalla ana iya lallaɓa shi.

Abba Kwamfuta: Baba da girmanku, amma ni ban taɓa ƙona hoton kowa ba.

Maman Hanif: Abba ni dai an taɓa ƙona min, ba a shagonka ba. Hoton sikanin cikin Hanif na kai, don ina so in ajiye masa. Ya shiga inji ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Yaron shagon ya tsaya yana kallona ina kallonsa.

Abba Kwamfuta: Wannan kuskuren yaro ne. Takardar sikanin irin ta rasit ɗin POS ce, da zafi ake rubutu a kanta, duk wanda ya san aiki ba zai sa ta a inji ba. Ba a haɗa ta da hoton situdiyo.

Baba Ɗanladi Mai Hoto: Gaskiyarka a nan. Amma ka amsa min ɗaya: ka taɓa cire laminatin daga hoto ya fito lafiya?

Abba Kwamfuta: Daga satifiket na taɓa gwadawa. Kada a tambaye ni yadda aka ƙare.

Auwal Manchesta: Salam jama'a, yanzu na ga zancen. Ina ɗan aikin wucin gadi a ɗakin karatu na makarantarmu, ɓangaren tsofaffin takardu. Dokar farko da aka koya mana ita ce kada ka yi wa abu abin da ba za a iya warwarewa ba, don haka laminatin da salatif da gam duk ba sa shiga ɗakin. Ledar da muke amfani da ita polyester ce, ana kiranta Melinex ko Mylar. Kuma akwai gwajin da ake yi wa kayan ajiyar hoto mai suna PAT, lambarsa ISO 18916, wata cibiya a Rochester ta Amurka ce ta ɓullo da shi. Idan an rubuta a fakiti cewa kaya sun ci wannan gwajin, hankali kwance. Rubutun “acid free”, wato babu asid, shi kaɗai a jikin leda ba ya nuna komai, don bai faɗa miki wace irin leda ba ce.

Sale Damagaram: Auwal, ka turo mana Melinex ɗin a motar Kano zuwa Damagaram, mu biya direba.

Maman Hanif: Wallahi. Mu da ake ƙirga mana leda a warware, ina mu ina ISO.

Auwal Manchesta: Ku yi haƙuri, ban ce dole ba. PP ta kasuwa ta fi albam mai gam nesa ba kusa ba. Na faɗa ne don mai hali, ko mai hoto ɗaya tak da ya fi ƙarfin a yi wasa da shi, kamar na Kakan Anti.

Abu Sumayya: Ni tambayata daban ce. Ajiye hotunan mamata ma ya halatta kuwa?

Admin: Malam Abu Sumayya, wannan mas'ala ce ta malamai kuma an san akwai saɓani a kanta. A kai ta inda ya dace. Nan baiwar Allah leda ta tambaya. A ci gaba.

Baba Ɗanladi Mai Hoto: To ni yanzu da Malama zan yi. Ban yarda da leda ba gaba ɗaya, mai kyau da marar kyau. Su Auwal suna da na'urar sanyaya ɗaki dare da rana. Mu fa? Watan Agusta gishiri ma jiƙewa yake a kwano. Ka sa hoto a leda, laima ta shiga ba ta da hanyar fita, sai ka ga wasu tabo masu ƙyalli a fuskar hoton inda ya jingina da ledar, daga nan sai mannewa, daga nan sai fumfuna. Na ga wannan ya fi a ƙirga. Ni ambulan ɗin takarda na sani. Takarda tana numfashi.

Malama Rabi: Baba, abin da kuka gani gaskiya ne, ba na musu. Idan laimar iska ta haura kashi 65 cikin 100 ta daɗe a haka, fumfuna na samun wurin zama, kuma damina a nan tana wuce hakan. Amma wace takarda? Ambulan mai ruwan ƙasa da jarida da kwalin indomi duk asid ne da su, shi ya sa jarida ke yin rawaya cikin 'yan watanni. Mutum zai gudu daga leda ya faɗa hannun takardar da za ta ɓata masa hoton ta wata hanyar. Ga kuma hannu. Hoton gida ba na gidan tarihi ba ne, duk Sallah sai an fito da shi, yara goma sun taɓa. Maiƙon yatsa yana zama a jelatin ɗin da kuka faɗa. Leda tana bari a kalla ba a taɓa ba.

Baba Ɗanladi Mai Hoto: Hannu kam gaskiya ne. Na sha ganin zanen yatsa ya fito a tsohon hoto bayan shekaru, kamar an dangwala a katin zaɓe.

Malama Rabi: Shi ya sa nake cewa a haɗa biyun. Leda PP, bakinta a buɗe, kada a liƙe. Hoton ya bushe sarai kafin ya shiga, kuma yanzu ne lokacin aikin tunda hunturu muke, iska a bushe take, laima kan sauka ƙasa da kashi 20. Kada a cusa da yawa a danne. Fayil ɗin a tsaye kamar littafi, ba a kwance an ɗora masa kaya ba, don nauyi ne ke taimaka wa mannewa.

Baba Ɗanladi Mai Hoto: Da sharaɗin a riƙa buɗewa da damina ana dubawa. Ba a rufe a manta ba.

Malama Rabi: Na karɓi sharaɗin.

Ya Falmata: Ina ta karantawa ban yi niyyar magana ba, amma bari in faɗi abin da ya same mu. Ranar 10 ga Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shigo mana unguwar Gwange a Maiduguri cikin dare. Da kayan jikinmu muka fita. Sai bayan kwanaki muka samu komawa. Akwatin hotuna yana ƙasan gado. Abin da na tarar kashi uku ne. Waɗanda ke cikin albam mai aljihun leda, ruwa ya shiga ya zauna a aljihun, da na zaro sai kalar ta biyo hannuna kamar kunu, ja da rawaya, babu fuskar kowa. Waɗanda ke zube a ambulan sun manne da juna sun zama kamar bulo. Waɗanda aka yi wa laminatin kuwa, guda shida ne, huɗu sun fita lafiya ƙalau, na wanke su da ruwa kawai.

Abba Kwamfuta: Allahu Akbar. Jama'a a rubuta. Huɗu cikin shida.

Ya Falmata: Tsaya Abba ban gama ba. Sauran biyun gefensu ya ɗan buɗe da ma, ruwan laka ya shiga ciki, ba halin fitar da shi ba halin busarwa. Ina kallo hoton mahaifiyata ya ruɓe a cikin ledar cikin sati guda. Da a buɗe yake wataƙila da na cece shi, don na ceci wasu daga cikin bulon nan. Wani ɗan uwan maigidana ne ya ce in mayar da su cikin ruwa mai tsabta mai sanyi, in bar su su saki da kansu, in ɗauraye, in shanya kowanne a kan tawul fuskarsa sama, a inuwa. Kusan talatin na samu a haka. Sun lanƙwashe amma ana gane kowa.

Maman Ilham: Allah sarki Ya Falmata. Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba.

Auwal Manchesta: Amin. Abin da ɗan uwan ya faɗa shi ne ake koyarwa. Ana so a kai ga hoton da ya jiƙe cikin kwana biyu kafin fumfuna ta fara, in ba hali a sa a firiza a daskarar har a samu lokaci. Sai dai wanda aka buga da firintar tawada ta gida ba ya son a sake jiƙa shi, zuba yake yi.

Maman Hanif: Firiza kuma. Da wace wutar?

Baba Ɗanladi Mai Hoto: Ni darasin da na ɗauka a labarin Falmata ba na leda ba ne. Ƙasan gado ne. Kowa a ƙasan gado yake ajiya ko kan durowa dab da silin. Ƙasa ruwa da gara, sama zafin kwano, watan Afrilu wurin nan tanda ne. Zafi ne ke cinye rinin hoton kala ko da a cikin duhu yake. In kun lura hotunan shekarun 1970 da 1980 da yawa sun koma jajaye, shuɗin cikinsu ne ya riga sauran tafiya. A nemi tsakiyar durowa, a ɗakin da ya fi sanyi, ba jikin bangon da ruwan sama ke duka ba, ba kusa da kicin ko banɗaki ba.

Abba Kwamfuta: Duk da haka ba a ba ni amsar huɗun nan ba.

Malama Rabi: Ga amsa Abba, kuma kasuwa ce gare ka. A yi sikanin hoton, a wanko sabo, shi a yi masa laminatin a rataye a falo ko a ba yara. Na asalin ya zauna a fayil. Ka ga ka ci kuɗin sikanin, ka ci na bugawa, ka ci na laminatin.

Abba Kwamfuta: Malama kin iya sulhu. Na janye rabin maganata.

Maman Ilham: Na fahimta. Saura babbar matsalar, yaya zan ciro su daga shafin? Na gwada ɗaya da farce gefen ya fara yagewa, na bari.

Baba Ɗanladi Mai Hoto: Madalla da kika bari. Kafin ki taɓa komai, ki ɗauki kowane shafi a waya yadda yake, a hasken rana amma a inuwa, ba filasha. Jerin da Babanki ya yi ma labari ne, shi ya san dalilin da ya sa wane kusa da wane. Sannan ki samo zaren sakace da ake sayarwa a kemis, marar kakin nan. Ki wanke hannu ki busar. Ki ɗaga kusurwa ɗaya kaɗan, ki zura zaren a ƙarƙashi, ki riƙa ja hagu da dama a hankali kamar mai yanka sabulu, zaren yana kwance a jikin shafin. Kada ki ɗaga hoton sama, lanƙwasa shi ke fasa fuskar. Ki fara da wanda ba ki damu da shi sosai ba, hannunki ya saba. Wanda ya ƙi, ki ƙyale shi. Garin neman gira kada a rasa ido.

Sale Damagaram: Wani ya ce min a ɗora dutsen guga a baya gam ɗin ya narke.

Baba Ɗanladi Mai Hoto: Wanin nan ba masoyinka ba ne.

Auwal Manchesta: Wasu na ɗan hura iskar na'urar busar da gashi a bayan shafin, a mafi ƙarancin zafi, daga nesa. Amma a kan hoton da babu kwafinsa ni ba zan yi ba. Kuma in an ciro, bayan yakan zo da sauran danƙo, kada a jera su a kan juna.

Maman Hanif: Ni kuma tambayata kafur. Hajiyata duk akwati sai ta zuba saboda kyankyaso. Kuma a akwatin ne turarukanta suke.

Malama Rabi: A raba su. Kafur tururi yake fitarwa a rufaffen wuri, turare kuma mai ne, in ya zuba a hoto ya zauna. Haka robar ɗaure kuɗi, tana narkewa ta manne kuma tana ɓata azurfar hoton baƙi da fari. Fin da kilif tsatsa suke yi. Maganin kyankyaso shi ne roba mai murfi mai kamawa, irin ta ajiye abinci, yawancinsu ma lamba 5 ce a gindinsu. A jefa 'yan ƙunshin nan da ke zuwa a kwalin takalmi ko na magani, masu ƙwayoyi kamar gishiri, laima suke sha. Amma suna ƙoshi, don haka a riƙa sauyawa, kuma a ɓoye wa yara.

Laraba

Maman Ilham: Salam. Na dawo da rahoto. Na sayo ukun. Mai kaurin nan mai ƙyalli da Abba ya ce, wadda ta fi tsada, tun a Keke nake jin warinta a jaka. Na sa a kofi ta tafi ƙasa kamar tsakuwa. Sauran biyun sun taso. Ilham ta ce Mama ta zama 'yar kimiyya.

Sale Damagaram: Abba ina kake? An ce araha ba ta ado.

Abba Kwamfuta: Ina nan ina shan shayi. Ba zan ce komai ba sai na ga lauyana.

Malama Rabi: Kauri ba shi ne inganci ba, amma yana da amfaninsa. Cikin biyun da suka taso ki ɗauki wadda ta fi kauri, don ta riƙe hoto kada ya lanƙwashe in ana buɗa shafi. Wani lokacin suna rubuta kaurin, ta yau da kullum takan kama 40 zuwa 50 maikiron, mai kyau 80 zuwa sama. In kina son tabbaci a kan wadda ta nutse, akwai gwaji na uku da muke yi a lab. A fere wayar wuta a fito da jan ƙarfen ciki, a riƙe da filaya a gasa a wutar gas har harshen ya daina canza kala, a dangwala a ledar ta ɗan narke a jiki, a mayar wuta. In harshen ya yi kore shar, akwai kilorin. A yi a tsakar gida, kada a shaƙi hayaƙin, kuma ba aikin yara ba ne.

Maman Ilham: A'a Malama, kofi ya ishe ni. Wata matsalar kuma, ledar girman A4 ce, hotunan ƙanana, suna ta zamewa suna taruwa a ƙasa.

Auwal Manchesta: Akwai mai aljihu-aljihu daidai hoto 4 da 6, in kin samu ta PP. In babu, ki sa farar takarda mai ɗan kauri a ciki, ki tsaga wuri huɗu da reza a karkace, ki soke kusurwoyin hoton a ciki. Ba gam ba salatif. Kuma kin samu wurin rubuta suna a ƙasan kowane hoto.

Baba Ɗanladi Mai Hoto: Rubutun nan ya fi ledar muhimmanci. Hajiyarku tana nan da rai, ki zauna da ita ta faɗa miki waye waye. In za ki rubuta a bayan hoto, fensir mai laushi, 2B ko sama, a gefe, kada ki danna. Biro yana huda kuma tawadarsa tana bin hoton da ke bayansa. Hotunan kala bayansu santsi ne fensir ba ya kamawa sosai, su a takardar za ki rubuta. Kuma ki sake duba akwatin, in akwai fim ɗin da aka wanko su da shi, siraran nan masu ruwan ƙasa, kada ki zubar. Da shi ake fitar da sabo fes.

Maman Ilham: Akwai su Baba, a cikin wata ambulan ta situdiyo. Saura kaɗan in ba yara su yi wasa. Cikin hotuna 112 na ciro 97 da zaren. Biyu sun ɗan yage a baya, fuskar ba ta taɓu ba. Sauran sun ƙi, har da na Kaka. Shi ko kusurwarsa ba ta ɗaguwa.

Baba Ɗanladi Mai Hoto: Bar shi. Ki cire tsohuwar ledar saman, ki zare shafin gaba ɗaya daga albam ɗin, ki sa shi haka nan a sabuwar leda shi kaɗai. Gam ɗin ya riga ya yi abin da zai yi.

Abba Kwamfuta: Anti in za a yi sikanin ki ce 600 dpi, ma'aunin kaifin hoton ke nan, kada su yi miki 150 don sauri. Shafin Kaka a ɗora shi yadda yake, inji ba ruwansa. Kuma in za ki tura wa 'yan uwa a WhatsApp ki tura a matsayin dokumen, in ba haka ba yana matse hoton ya rage masa kyau. Ki ajiye a filash, ki ajiye a imel, ki ba wani ɗan uwa a wani garin.

Ya Falmata: Wannan na ƙarshen ku riƙe shi. Hotunan bikina da na samu daga baya, wajen ƙanwata a Jos na same su.

Maman Ilham: In sha Allah. Jiya da daddare na kai wa Hajiya na auren. Mutum 14 ne a ciki, ta kira sunan 11 ba ta ko tsaya tunani ba, har da wadda ta yi mata lalle. Uku ta ce dangin ango ne, sai dai a tambayi Baffa a Gumel. Ta riƙe hoton ta ƙi ba ni, ta ce a nan zai kwana.

Maman Hanif: Allah sarki Hajiya.

Abba Kwamfuta: Jama'a ina da magana. Na rufe shago na gwada wayar nan ta Malama a kan ledar da nake sa wa ɗalibai a bangon firojet. Kore shar. Katan biyu gare ni a ƙasa.

Sale Damagaram: Lauyan naka ya iso ke nan.

Malama Rabi: Bangon firojet ba hoton Kaka ba ne Abba, ka sayar da abinka. Ka dai riƙa sa farar takarda tsakaninta da shafin farko don kada rubutun ya bi ta.

Abba Kwamfuta: To Alhamdu lillahi. Anti, Asabar ina shigowa Kano sayen tawada, in kina so in taho da ƙaramin injin sikanin a yi a gabanki, ba sai hotunan sun bar gida ba.

Maman Ilham: Ka taho da shi, Allah ya yi albarka. Amma ka zo bayan La'asar, sai na fara lallashin Hajiya ta saki na auren.